Safiyar da Na Ƙi Hura Wutar Inna

A Salaga aka haife ni, a unguwar da ke kusa da inda masu shanu ke yada zango kafin su gangara kudu. Ban yi karatu mai nisa ba. Na yi allo har izu biyar, boko kuwa sai bayan aure na shiga ajin manya na koyi abin da nake rubutu da shi yanzu. Amma tun ina ƙarama an san ni da kallo. Mahaifiyata takan ce in an aike ni ɗebo ruwa, ruwan zai zo, sai dai ba a san yaushe ba.

Garinmu garin rijiyoyi ne, ko'ina ka taka akwai bakin rijiya, wata da ruwa wata ta mutu. Da asuba muke fita, mu 'yan mata. Makiyaya kuwa sukan hura wuta da busasshen kashin shanu don su kore wa dabbobi ƙuda. Wata safiya sai ka ga hayaƙin ya miƙe tsaye kamar taɓarya ya ɓace a sama. Wata safiyar kuma, wutar ita ce, mutanen su ne, amma sai ya tashi kaɗan ya karye, ya shimfiɗu a kan rijiyoyin kamar an shanya farin zane, mu bi ta cikinsa da tuluna muna tari muna dariya. Na tambayi yayata dalili, ta ce hayaƙi ma yana da ranar ƙiwuya. Na bar maganar a nan, ban san zan dawo nemanta ba.

Shekara biyu bayan an sauke tutar Turawa aka kai ni Yendi. Maigidana ma'aikacin awon yanayi ne. Mutanen gari mai awon ruwa suke ce masa, don iyakar abin da suka gani ke nan: akwai wani gwangwani a fili da yake zuwa ya duba yawan ruwan saman da ya zuba a ciki. Shi ne ɗan farin mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Inna, kuma tsakaninsu akwai kunya irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune. In tana da magana da shi, ni take gaya wa yana tsaye a wurin.

"A ce wa wancan ɗakin ajiya yana ɗiga."

Shi kuma ya dubi ƙasa ya ce, "To, an ji."

Sana'ar Inna man kaɗe. Tana yi tare da maƙwabciyarmu, wata Badagwamba mai jiki da yawan dariya da muke kira Mma, wato uwa a bakinsu. Sun fi shekara ashirin suna aiki tukunya ɗaya. Da yamma a daka ƙwarar kaɗen, da asuba a soya ta a babbar tukunya, sannan a niƙa, a buga da hannu cikin ruwa har man ya taso fari, a dafa shi a zuba a ƙwarya ya daskare. Suyar ita ce mai hayaƙi, don ban da itace ana sa wa wutar busasshiyar tukar kaɗen da aka cire wa mai, ita kuwa hayaƙinta mai kauri ne, yana kama maƙogwaro. Inna ta gaji suyar asuba daga uwarta. Ta ce mai hankali ba ya tsayawa kan wuta rana na dukansa. Hura wutar kuwa aikin ƙaramar matar gida ne, wato ni.

Da ciki ya tsufa na koma Salaga haihuwar fari kamar yadda ake yi. Na sami mace, aka sa mata sunan Inna. Saboda haka bakina ya rufu sau biyu, ga 'yar fari ga sunan suruka. Har yau ban taɓa kiran sunan nan ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Inna tana ce mata takwara, ni kuwa ina ce mata yarinyar nan. A gidajenmu uwa ba ta yi wa ɗan fari wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ya faɗi wani ne zai ɗaga shi, in ya yi ciwo wani ne zai faɗa. Wadda ta nuna kuwa, dariyar ba a kanta kaɗai za ta tsaya ba, har gidan da ta fito sai an ce ba su koya mata komai ba.

Wata biyar muka yi a Salaga, yarinya lafiya lau, kumatu kamar ƙosai. Ƙarshen damina muka dawo ta Bimbilla a bayan babbar mota, wadda ta kafe a laka sau biyu har fasinja suka sauka turi. Kwana goma da dawowarmu, wata safiya ina ɗaura ta a baya na ji wani ɗan fito a ƙirjinta, siriri, kamar kukan ɗan tsako daga nesa. Na sauke ta na duba. Duk jan numfashi sai fatar tsakanin haƙarƙarinta ta lotsa.

Inna ce ta faɗa, tunda ni ba dama. Ta ce sanyin hanya ne. Aka shafa mata man kaɗe da tafarnuwa, aka karɓo rubutu, aka kai ta wurin malamin asibiti ya ba da jan magani a kwalba. Sannan Inna ta kawo nata babban maganin: saiwoyi da ganye a kasko da garwashi, a lulluɓe yarinya da zane ta shaƙi turaren. Ina tsaye da tsintsiya a hannu kamar shara ce ta dame ni, ina jin tarinta a ƙarƙashin zanen. Na share wuri ɗaya har ya yi rami.

Abin ba kullum yake zuwa ba, wannan ne ya tsaya mini a rai. Yau ta tashi garau tana cin yatsun ƙafarta, gobe fito. Na zargi nonona, na daina cin yaji, na daina cin kuɓewa, na daina shan fura da tsami. Ba abin da ya sauya. Sai wata safiya, bayan na hura wuta na koma ɗaki ɗauko ludayi, na tsaya a bakin ƙofa na waiwaya. Gidanmu a gangare yake. Rumfar suya tana can sama wajen zaure, ɗakina shi ne na ƙarshe ta wajen fadama. Hayaƙin ya tashi bai kai reshen farko na rimin bayan gida ba, ya karye, ya shimfiɗu, ya fara gangarowa a hankali kamar kunu a faranti, har ya zo ya shige ta kan kafaɗata cikin ɗakin da yarinya ke barci. Na tuna rijiyoyin Salaga.

Daga ranar na fara lura. Ran da hayaƙi ya wuce kan rimi, yarinya lafiya. Ran da ya kwanta, fito. Amma sanin wannan da safe ba shi da amfani, wuta ta riga ta kama. Ni so nake in sani tun jiya.

Da magariba na kai wa maigida tuwo, na durƙusa ban tashi ba.

"Akwai magana ne?"

"Malam, a wurin aikinku kuna awon hayaƙi?"

Ya yi dariya har ya mayar da lomar cikin akushi. "Ruwa muke aunawa, da iska, da zafi, mu buga waya babban birninmu Ankara can bakin teku, su san yadda jirgin sama zai bi. Wa zai ɗauki mutum aiki don hayaƙi?"

Na ce ni dai na ga wata rana yana tashi wata rana yana kwanciya. Ya daina dariya. Ya san dalilin tambayar sarai, amma shi ma 'yar farinsa ce, bakinsa a rufe yake kamar nawa. Ya ce ran da za a koma karɓo jan magani mu biyo ta wajensu.

Muka biya, ni da Mma. Fili ne da aka kewaye da waya, ciyawa a yanke ƙasa-ƙasa. Ga gwangwanin nan da kowa ya sani. Ga wani farin akwati mai ƙafa huɗu kamar akurki, a ciki akwai sandunan gilashi masu nuna zafi da sanyi. Ga dogon ƙarfe da ludayi uku a kansa suna bin juna in iska ta taso. Mma ta ce gwamnati ta sami ludayi har uku ta rasa kunun damawa. Amma abin da ya ja idona wata sandar gilashi ce da ake kwantarwa a kan ciyawa da yamma, bisa 'yan ƙananan itatuwa masu baki biyu. Na ce wannan fa, mantawa ake yi da ita?

Ya ce a'a, ita ce ke faɗa musu sanyin da ƙasa ta yi kafin gari ya waye. Wata safiya ita da ta cikin akwati kusan magana ɗaya suke yi. Wata safiyar kuma ta ciyawa ta sauka ƙasa sosai ta bar ta akwati a sama. Ya ce in sama ba gajimare, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere sama ba abin da ya tare shi, ƙasa ta yi sanyi, iskar da ke kanta ta yi sanyi. Iska mai sanyi kuwa nauyi gare ta, gangare take nema ta kwanta kamar ruwa, mai ɗumi tana bisa. In ba wata iska da ta zo ta gauraya su, haka za su kwana. Hayaƙi ya taso, ya huce, ya iske ta bisa ta fi shi ɗumi, ba shi da hanyar wucewa.

Na ce, "Ashe faifai ake rufe garin da shi."

Ya ce a littafinsu ba haka aka rubuta ba, amma ba laifi.

Na dawo gida na kafa nawa ofishin. Na zare zare daga bakin tsohon zanena na ɗaura a kan dogon kara, na soke shi a jikin rumbu, shi ne ludayina. Na ɗauko farantin tangaran guda daga kayan ɗakina ina kifewa a kan ciyawar bayan ɗaki da magariba, da asuba in shafa in ji yawan raɓa, shi ne sandar gilashina. Sama kuwa ta kowa ce. Maigida ya koya mini yadda suke raba ta kashi takwas kamar an yanka kabewa, su ƙidaya kashi nawa gajimare ya ci. Kullum in na kai tuwo sai in ce, "Malam, yau kashi nawa?" Ya ce biyu, ko shida, ko ba ko ɗaya. In ce ludayi fa? Ya ce suna gudu, ko suna tafiyar tsofaffi, ko sun tsaya. Wanda ya ji mu daga waje zai ce mun rasa hirar yi.

Kafin wata ya mutu na gane kan abin. In magariba ta yi sama a wanke, zare ya rataye kamar matacce, sanyi ya fara taɓa idon sawu tun kafin isha, to gobe faifai a rufe, faranti kuma zai tashi sharkaf. In akwai gajimare ko zare na rawa, hayaƙi zai sami hanya. Na kuma lura faifan ba ya daɗewa. Da rana ta fara dukan ƙasa, sai hayaƙin da ya kwanta a sama ya sauko tukuna ya yi ta yawo a tsakar gida kamar baƙon da ya rasa ƙofa, wannan shi ne lokaci mafi muni. Da inuwar katangar gabas ta janye ta bar turmi a rana, shi ke nan, an buɗe, komai ya tafi sama.

Mma ce ta kama ni ina shafa faranti. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Amarya, kai kana tsafi ne? Me faranti ya gaya maka?"

Na ce yau hayaƙi zai kwanta. Ya kuwa kwanta. Kashegari ta tambaya, na ce zai tashi, ya tashi. Shi ke nan na zama abin wasanta. Kowace yamma in ta zo daka sai ta ɗaga murya, "Ina bokan Salaga? Gobe hayaƙi zai je kasuwa ko zai kwana gida?" Sau ɗaya na ce zai kwana, sai ga wani hadarin ƙarshen damina ya taso da asuba da iskarsa ya kwashe komai. Mma ta yi mako guda tana tambayata ko faranti ya yi tafiya ne. Inna tana jin duk wannan, ba ta taɓa sa baki ba.

Sanin ya taimake ni rabi. Ran da faifai ya rufe kuma ba suya, hayaƙin girkin unguwa ne kawai, sai in goya yarinya in ce zan ɗebo ruwa a rijiyar kan tudu, in yi ta jan ƙafa har hantsi. Amma ran suya ni ce mai juya tukunya da muciya, ba inda zan je. In na bar ta a ɗaki hayaƙi ya bi ta can, in na goya ta tana bakin wutar.

Sai ga wasu fatake za su Kumasi sun ce wa Inna suna son mai da yawa kafin motarsu ta tashi. Inna ta ce gobe tukunya uku za a ɗora maimakon ɗaya, aka aro biyu a maƙwabta, aka tara tukar kaɗe tuli a bakin rumfa. Shekaranjiyar ranar yarinya ta yi safiyar da ban taɓa ganin irinta ba, leɓenta har ya sauya launi, kuma ba ta gama dawowa ba. Da magariba na fito na duba. Sama kamar an wanke ta da sabulu. Zare ko motsi. Na kai tuwo.

"Kashi nawa?"

"Ba ko ɗaya. Ludayi sun tsaya tun la'asar."

"Gobe tukunya uku ne."

"Na gani."

"A gaya wa Inna mana."

"Wa zai gaya mata? Ni tun da na yi wayo maganata da Inna ba ta wuce gaisuwa ba. In je in ce ta sauya lokacin wutarta saboda me? In ta ce saboda me, me zan ce?"

Ni ma in ta tambaye ni, abin da ba zan iya faɗa ba ke nan.

Da asuba na shafa faranti, ruwa har ya bi hannuna. Ban shirya komai ba, ƙafata ce kawai ta ƙi zuwa wajen murhu. Na yi salla na zauna ina ta addu'a, na yi wa iyayena, na yi wa kakannina, na yi wa mutanen Salaga unguwa-unguwa. Na fito na ɗauki tsintsiya na share tsakar gida, na share zaure wanda ba aikina ba ne. Na wanke tukwanen nan uku da aka riga aka wanke jiya. Mma ta shigo tana ɗaura zane, ta dubi murhu ba wuta.

"Amarya, wuta ya mutu ne?"

Na ce itacen ya sha raɓa, bari in zaɓo busasshe. Na tsuguna gaban itace ina ɗaga wannan ina ajiye wancan kamar mai zaɓen atamfa.

Inna tana zaune a kan kujerarta a bakin rumfa da carbi. Ta bar ni na gama duk wannan. Sannan ta ce, "'Yar nan, zo."

Na zo na durƙusa.

"Tun da kika zo gidan nan ban taɓa tashi na iske murhu da sanyi ba. Yau da baƙi ke jira kika ga dama?"

Na ce, "Inna, yau hayaƙi zai kwanta ne. Ina tsoron kada ya shiga man ya yi ƙauri."

Mma ta fashe da dariya. Inna ba ta yi ba. "Shekara arba'in ina mai, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙwarya ya ce ya ji ƙauri. Man ne ya dame ki?"

Na dubi ƙasa. Na ce man ne.

Sai Inna ta ce wa Mma ta ɗebo mata garwashi guda a gidanta. Da aka kawo, ta ɗauki ɗan guntun tukar kaɗe, bai kai tafin hannu ba, ta ɗora a kai, ta ajiye a bakin murhu, ta koma ta zauna. Mu uku muka zuba ido. Hayaƙin ya tashi siriri, ya kai tsayin katanga, ya tsaya kamar ya bugi wani abu. Ya karye. Ya bi ta kan turmi, ya bi ta gefen rumbu inda zarena ke rataye, ya gangara tsakar gida bai kauce dama ko hagu ba, ya je ya shige ƙarƙashin asabarin ɗakina. Ba a daɗe ba muka ji ɗan tari daga ciki, sau biyu.

Ban motsa ba, ko waiwaye ban yi ba. Ban san yadda na iya ba.

Inna ta sa ƙafa ta ture garwashin cikin toka. Sannan ta dafe ƙirji ta yi tari, irin tarin da ko akuya ba za ta yarda da shi ba.

"Ƙirjina ya tsufa," in ji ta. "Hayaƙin asubar nan ya fara damuna, na daɗe ina ɓoyewa. Daga yau duk ran da zai kwanta ba za a hura mini wuta ba sai ya tashi. Ke mai faranti, yaushe yake tashi?"

Na ce sai inuwa ta bar turmi.

"To, kafin nan a buga na jiya."

Mma ta riƙe haɓa. "Inna, kai ne ƙirji ya tsufa? Jiya ka ɗauki buhun kaɗe kai kaɗai, ni ina baya ina haki."

"Jiya daban, yau daban. Ki ɗauko masaki ki bar surutu."

Sannan ta tashi ta shiga ɗakina da kanta, ta fito da yarinya, ta goya ta, ta ce ita da takwararta za su gaida wata tsohuwa a kan tudu, kada a neme su sai hantsi.

Ranar mun sha rana. Tukunya uku a kan wuta da hantsi ba wasa ba ne, gumi har cikin ido, Mma tana juyawa tana tsine wa farantin Salaga da wanda ya ƙera shi. Amma hayaƙin tukunya ukun nan ya miƙe ya wuce kan rimi ko waiwaye bai yi ba. Fatake suka jira kwana guda, suka yi ƙorafi, suka ɗauki mansu.

Da yamma ina tsince tsakuwa a shinkafa, Inna ta zo ta zauna kusa da ni tana gyara ƙwarya. Ba kowa a tsakar gida. Ba ta dube ni ba, da ƙwaryar take magana.

"Wancan mai awon ruwan, da yana goye kunne ne ya dame shi. Shekara biyu ina zuwa wurin mai magani ina cewa kunnena ne ke ciwo. Har aka ɗiga mini maganin sau uku, mai zafi kamar barkono."

Na danne dariya har hawaye suka zo. Ta tashi ta tafi da ƙwaryarta. Kaskon turaren nan kuwa ban sake ganinsa ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Daga nan kowace magariba Inna takan ce, "A tambayi faranti ko ƙirjina zai sha wuya gobe." Fiton yarinya ya ragu, daga sau uku a mako ya koma sai jifa-jifa.

Tana shekara biyu aka mai da maigida Bawku. Wani abokin aikinsa ya samo mana ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti, kowa na cewa mun dace. Na ce ni sai na ga wurin da asuba. Maigida bai yi musu ba. Muka kwana a masauki, da sassafe muka je. Gidan a kwari yake, a bayansa kuma matan da ke dafa giyar dawa da ake kira fito sun jera manyan tukwanensu, hayaƙinsu ya cika kwarin ya kwanta har ba a ganin ƙofar. Muka kama wani ɗaki na ƙasa a kan tudu, mai rufin ciyawa, nesa da rijiya. Abokin nan har yau yana ganin ba mu da wayo.

A nan muke yanzu. Na haifi biyu bayanta, su kam ina kiran sunansu har maƙwabta su gaji. Zarena yana nan a jikin danga, farantin ya sami tsaguwa amma raɓa ba ta damu ba. Matan gidan sukan tambaye ni kafin su shanya fararen kaya a waje su kwana. Yarinyar nan ta shiga shekara ta shida, tana tsere da yaran masu albasa daga nan har bakin kasuwa, muryarta kuwa ta fi ta kowa a unguwar. Duk da haka in safiya ta yi sanyi zare ya rataye, nakan sami dalilin wucewa ta kusa da tabarmarta, in sunkuya kamar ina neman wani abu, in kasa kunne.

Watan jiya Inna ta aiko mana da ƙwaryar mai ta hannun wani direba, da saƙo. Ta ce a gaya wa takwara ta zo da rani. Ta ce Mma ce ke duba zare yanzu, rabi ta faɗa daidai rabi ta ɗora wa zaren laifi. Ta ce kuma a gaya wa wancan, tun da muka tafi ƙirjinta ya warke sarai, amma ta saba da suyar hantsi, ta bar ta haka.